Motar Iyali a Amurka: Kuɗin Saye Dabam, Kuɗin Riƙo Dabam

Ga magidanci mai 'ya'ya huɗu ko biyar a Amurka, mota ba kayan ado ba ce. A yawancin garuruwan ƙasar, wanda ba shi da ita sai ya sha wahala kafin ya kai ga wurin aiki, ko makarantar yara, ko asibiti. Shi ya sa iyalai da dama ke karkata ga ƙaramar bas ɗin nan mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas, wadda ƙofofinta na gefe ake ja.

Kamfanin Chrysler ne ya yaɗa irin wannan mota a ƙarshen 1983, lokacin da ya fito da Dodge Caravan da Plymouth Voyager. A yau waɗanda suka fi shahara su ne Toyota Sienna, da Honda Odyssey, da Chrysler Pacifica, da kuma Kia Carnival. Kowacce da inda ta yi fice, to amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: nawa motar za ta ci wa maigida cikin shekarun da zai riƙe ta?

A ɗauki batun mai. Tun daga ƙirar 2021, dukkan Sienna da fetur da lantarki take aiki, kuma bisa ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka tana cin kimanin mil 36 da galan guda, yayin da Odyssey ke cin kimanin mil 22. Ke nan wanda ke tafiyar mil 15,000 a shekara zai ga bambancin galan kusan 265. Ita kuwa Odyssey an san ta da daɗin tuƙi da yalwar wurin zama, sai dai injinta na da bel ɗin da ake sakewa idan ta haura mil dubu ɗari, aikin da ke cin kuɗi, wanda kuma sakaci da shi kan iya lalata injin baki ɗaya.

Pacifica ta gaji wata dabara da Chrysler ya ɓullo da ita a ƙirar 2005, wato kujerun da ake naɗewa su shige ƙasan mota, ta yadda cikin mintoci kaɗan za ta koma motar ɗaukar kaya. Kia kuma na ba da tabbacin gyaran inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000, amma wannan cikakken alkawari na wanda ya fara sayen motar ne kaɗai.

A nan ne mai sayen ta hannu ya kamata ya natsu, domin suna kaɗai ba ya isa. Alal misali, Odyssey ƙirar 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna wajen matsalar giya, duk da martabar kamfanin da ya ƙera ta. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ake bincika wa a hukumar kiyaye haɗurra kan manyan hanyoyi ta Amurka ko akwai wani gyaran da kamfani ya yi kira a kai ba a yi ba. Bayan haka sai a nemi takardun gyare-gyaren baya, a kuma kai ta wurin makaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa.

Kazalika, kada a saya sai an je da iyali. A ɗaura kujerun jarirai a gani, a sa babban yaro ya zauna a layin baya, a gwada keken jariri a wurin kaya.

Tsofaffin Sienna da suka bar Amurka suna nan suna jigilar fasinja tsakanin biranen Nijeriya, abin da ke nuna irin juriyar motar idan ta samu kulawa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma motar da aka saya da rahusa ta koma kwana a gareji, tsadarta ta fi ta kowacce.