Dashen Ƙwayoyin Hanji: Shin Zai Warkar da Ciwon IBS?

Akwai masu ciwon ciki da suka gaji da zaryar asibiti. An auna jini, an duba bahaya, an zura na'ura an leƙa hanji, babu miki babu ƙari, amma ciki bai daina murɗawa da kumburi ba, yau gudawa gobe taurin bahaya. Wannan lalura ita likitoci ke kira IBS. Tana damun mutum 4 zuwa 10 cikin ɗari, kuma ta fi kama mata. Ba ta kisa, amma tana hana sakat, har mai ita ya riƙa fargabar tafiya mai nisa.

Hanjin ɗan Adam gida ne na tiriliyoyin ƙananan halittu da ke taya shi narkar da abinci da korar masu cutarwa. Da aka lura cewa tsarinsu kan sauya a cikin wasu masu IBS, sai masana suka yi tunanin a aro na mai lafiya. Ana tantance jini da bahayar mai bayarwa, a dama bahayar da ruwan gishiri, a tace, sannan a zuba wa majinyaci ta bututun da ake zurawa ta baki ko ta dubura, ko a ɗura a kafso ya haɗiye.

Dabarar tsohuwa ce. A ƙarni na 4 Ge Hong na ƙasar Sin ya rubuta ta a matsayin maganin gudawa mai tsanani, a 1958 kuma likita Ben Eiseman ya jarraba ta kan majinyata huɗu a birnin Denver na Amurka. Ta yi suna ne a 2013, lokacin da wani gwaji a Amsterdam ya nuna ta warkar da mutum 15 cikin 16 masu fama da ƙwayar Clostridioides difficile, wadda ke mamaye hanji bayan magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun share na kirki.

A kan IBS kuwa, sakamakon ya rabu. A garin Harstad na Norway, binciken 2018 ya samu kashi 65 na waɗanda aka yi wa dashen sun ji sauƙi bayan wata uku, sai dai kashi 43 na waɗanda aka mayar wa bahayarsu su ma sun ji. A shekarar kuma aka ba mutum 52 kafso a Denmark, waɗanda suka sha na bogi suka fi samun sauƙi. Sai a 2020 likita Magdy El-Salhy ya gwada mutum 165 a asibitin Stord na Norway da bahayar mutum guda: ɗan shekara 36, ba ya shan taba, yana motsa jiki, ya sha nonon uwa, bai cika shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Kashi 89 na waɗanda suka samu giram 60 sun ji sauƙi, a rukunin da aka mayar wa bahayarsu kuwa kashi 24 kacal.

Me ya kawo wannan saɓani? Masu bayarwa sun bambanta, yawan abin da aka zuba da hanyar zuba shi ma haka. Uwa uba, IBS ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne da za a kora a huta. Matsala ce ta yadda hanji da ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo, abinci da damuwa duk suna da hannu. Shi ya sa a 2024 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, AGA, ta ba da shawarar kada a yi dashen don IBS sai a cikin bincike.

Haɗarin ma ba na wasa ba ne. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa majinyata biyu masu raunin garkuwar jiki sun kamu da ƙwayar E. coli mai bijire wa magani ta hanyar dashen, ɗaya ya rasu. Idan hakan ta faru a asibiti, ina ga wanda ya kwaikwayi bidiyon intanet a gida?

Mai fama da wannan ciwo ya je ga likita. Akwai gyaran cimaka, da magungunan murɗa da na gudawa, da hanyoyin rage damuwa, waɗanda aka tabbatar suna taimakawa. Wanda kuma ya ga jini a bahaya ko yake ramewa ba dalili, kada ya ce IBS ne ya zauna, ya hanzarta a duba shi.