Kuɗi Kada Su Riga Aiki: Yadda Kalifoniya Ke Ladabtar da 'Yan Kwangila



Gini ya kai linta ya tsaya. Rodi ya fara tsatsa, ragowar siminti ya daskare a buhu, wayar ɗan kwangila kuma a kashe. Mai gida na rantsuwa ya biya fiye da aikin da aka yi. In an samo ɗan kwangilar, shi ma da tasa: kaya sun yi tsada, an canza masa zane a tsakiyar aiki, har yanzu ma yana bin ciko. A yau za mu leƙa jihar Kalifoniya ta Amurka, mu ji yadda suke raba wannan gardama.

Tun 1929 jihar ta kafa hukumar bai wa 'yan kwangila lasisi, wadda ake kira CSLB a taƙaice, hedikwatarta na birnin Sakaramento. Mai neman lasisi sai ya nuna ya yi shekara 4 yana sana'ar da hannunsa a matsayin ƙwararre, ya ci jarrabawa biyu, ɗaya kan sana'ar, ɗaya kan doka da tafiyar da kasuwanci, a kuma ɗauki hoton yatsunsa. Sannan ya kawo takardar lamuni daga kamfanin da ya tsaya masa, ta dala 25,000 tun daga farkon 2023, wadda daga cikinta ake biyan wanda ya cuta. Lambar lasisin dole ta fito a tallarsa da takardun yarjejeniyarsa, kuma kowa na iya shigar da ita a intanet ya ga ko an taɓa hukunta mai ita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokar kafin alƙalami. A aikin gyara ko faɗaɗa gida, ɗan kwangila ba shi da ikon karɓar fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ku lura da kyau: ko aikin na dala 200,000 ne, dala 1,000 ce iyakarsa a ranar sa hannu. Daga nan biya yana bin aiki ne a baya. An zuba fandisho, a biya na fandisho. Kwano ya iso wurin gini, a biya na kwano. Karɓar kuɗin aikin da ba a yi ba, ko na kayan da ba a sauke ba, laifi ne da kansa, ko da daga baya an kammala ginin lafiya.

Dalilin a bayyane yake. Yawancin gine-ginen da ake gudu a bari, tun ranar da kuɗi suka wuce aiki aka bar su, ranar ɗauke shebur cika sharaɗi ce kawai. Ɗan kwangila ya karɓi rabin kuɗinka ya toshe ramin da ya bari a aikin wani, yana jiran na uku ya biya don ya dawo kanka. Da yawansu ba da niyyar cuta suka fara ba, lissafi ne ya kwace musu. Dokar Kalifoniya ba ta jiran a gano niyya: karkatar da kuɗin aiki ɗaya zuwa wani laifi ne, barin aiki ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba laifi ne, haka ma hana masu kaya da ƙananan 'yan kwangila haƙƙinsu alhali kuɗin na hannu.

Idan mai gida ya kai ƙara, hukumar kan fara da sulhu. In abin ya ƙi, mai bincike ya shiga, wani lokaci a tura ƙwararren magini ya duba abin da aka yi, ya ƙiyasta abin da gyara ko ƙarasawa zai ci. Ƙaramin laifi, gargaɗi ko tara, tare da umarnin a gyara ko a mayar da kuɗi. Babba kuwa, ofishin babban lauyan jihar ne ke shigar da tuhuma gaban alƙalin da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, ana iya dakatar da lasisi ko a soke shi. Wanda aka soke wa sai ya jira shekara 1 zuwa 5 kafin ya sake nema, kuma sai ya nuna ya biya asarar da ya jawo.

To amma masu sauraro, ba kullum ɗan kwangila ne mai laifi ba. Akwai mai gidan da zai tare a gida, ya ce fenti bai yi masa ba, ya riƙe cikon mutane. A nan tsarin mulkin jihar da kansa ya bai wa magini, lebura da mai sayar da kaya damar ɗora bashinsu a kan gidan a ofishin rajistar filaye. In sun kai kotu cikin kwana 90 da yin rajistar, shari'a na iya kaiwa ga sayar da gidan a biya su. Wannan makami yana da kaifi biyu. Mai gida na iya biyan ɗan kwangila tas, shi kuma ya hana mai katako, mai katako ya zo ya riƙe gidan. Shi ya sa masu wayo ba sa sakin kuɗi sai kowane mai haƙƙi ya sa hannu cewa an sallame shi.

Wanda ba shi da lasisi kuwa, kotu ba ta sauraronsa a kan ladan aikinsa. A 1991 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci kan kamfanin Hydrotech na New York, wanda ya kafa na'urar tayar da igiyar ruwa a wurin wasan ruwa na Oasis da ke Palm Springs. An riƙe masa sama da dala 100,000. Ya ce masu wurin sun san ba shi da lasisin jihar, kuma sun yi alkawarin biya duk da haka. Kotu ta ce ko da haka ne, ba zai karɓi ko sisi ta hannunta ba. Daga baya ma doka ta ba mai gida damar neman a dawo masa da duk abin da ya biya marar lasisi. A gaskiya hukuncin yana da zafi, kuma ina jin zafinsa ga mutumin da ya yi gumi. Sai dai da kotu ta sassauta sau ɗaya, da kowa ya samu ƙofar kauce wa lasisin.

Kada a ɗauka tsarin ya rufe kowace ɓaraka. Dala 25,000 ba ta ƙarasa gidan da aka bari a rabi, balle idan mutum goma ne ke rububinta. Soke lasisi yana kare wanda bai riga ya faɗa hannun ɗan kwangilar ba, wanda ya riga ya faɗa kuwa sau da yawa sai ya bi kotu da aljihunsa. A Najeriya, dokar bayar da kwangila ta 2007 ta fara ne da ƙayyade kafin alƙalami a kashi 15 cikin 100, amma ayyukan gwamnatin tarayya ta shafa. Malamin makarantar da ya tara adashe yana gina ɗaki biyu ba ya cikinta, shi ne kuwa wanda in aka gudu da kuɗinsa ba shi da wasu.