Filinge: Abin Kallo da Abin Saurare a Ƙasar Kurfai

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Balleyara, zai iso Filinge bayan tafiyar kimanin kilomita 180. Garin yana bakin Dallol Bosso, tsohon kwarin da ya gangaro daga Azawak zuwa kogin Kwara. Kogin da ya haƙa shi ya ƙafe tun zamanin da, amma ruwa na kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa noma da kiwo suka zauna a nan. Duwatsun da suka yi wa kwarin katanga su ne farkon abin da ke ɗaukar idon baƙo. Sunan ma darasi ne, domin "dallol" kalmar Fulatanci ce mai nufin kwari.

Ranar Lahadi kasuwar garin ke ci. Kurfayawa da Zabarmawa kan kawo hatsi, Fulani da Buzaye su koro dabbobi, harsuna huɗu su haɗu a wajen ciniki. A nan ɗalibin harshe zai ji karin Kurfayanci daga bakin masu shi. Inda daidaitacciyar Hausa ke da "f" kafin wasalin "a", su "hw" suke furtawa: hwari, hwata, hwaɗa. Ko sunansu a bakinsu Kurhwayawa ne.

Sai dai rashin tsaro a jihar Tillaberi ya sa baƙi da masu bincike sun ɗauke ƙafa. Kwarin zai jira dawowarsu. Kalmomin da ke bakin tsofaffi kuwa, in ba a naɗe su ba, tare da su za su tafi.