Lambar oktan da ruɗin kalmar "super"

Kalmar super da ake rubutawa a jikin famfon gidan mai asalinta Latin ce, inda take nufin "bisa" ko "sama da". Da ta shigo bakin direbobi ta hanyar Faransanci, sai ta taho da wannan ma'ana ta fifiko, har mutane da yawa suka ɗauka cewa man da lambarsa ta fi girma shi ya fi ƙarfi, ya fi sa mota gudu. Lambar nan kuwa, 91 ce ko 95 ko 98, ba ƙarfi take aunawa ba. Haƙurin mai take aunawa, wato yadda yake jure matsi da zafi bai kama wuta da kansa ba.

A cikin injin da ke aiki da fetur, fistan yana matse haɗin iska da mai a cikin silinda, sa'an nan buji ya ba da tartsatsi a daidai lokacin da aka tsara, wuta ta bazu daga bakin buji zuwa gefe bi da bi. Idan man ba shi da juriya, ragowar haɗin da wutar ba ta iso gare shi ba sai ya fashe da kansa, fashewar ta doki kan fistan. Direba yakan ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, galibi a hawan tudu ko idan mota ta ɗauki kaya. In abin ya daɗe yana faruwa, fistan yakan ƙone, gyara kuma ya zama na sauke inji.

Ma'aunin ya samo asali a Amurka a 1927, daga aikin masanin sinadarai Graham Edgar. An zaɓi ruwaye biyu: iso-oktan mai tsananin juriya aka ba shi 100, heptan mai saurin fashewa aka ba shi sifiri. Man da ake kira 91 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da ta haɗin kashi 91 na iso-oktan da kashi 9 na heptan. Makamashin da ke cikin lita ɗaya ta 91 da ta 98 kusan ɗaya ne. Saboda haka motar da aka ƙera don 91, ko an cika tankinta da 98, mai ita kuɗi kawai ya ƙara kashewa.

Injin shi ke faɗin abin da yake bukata. Mai matsi da yawa, ko mai turbo, yana son lamba babba. Ƙananan motocin yau da kullum da babura yawanci ƙaramar lamba ta ishe su. Kamfanin da ya ƙera motar yakan rubuta lambar a littafinta, sau da yawa ma a bayan ƙofar tanki.

Sai dai karanta lambar ma yana da tarko, irin wanda ɗaliban kimiyyar harshe suka sani: alama ɗaya, ma'ana biyu. Turai da Afirka suna bin ma'aunin RON, Amurka da Kanada kuwa matsakaicin ma'auni biyu suke rubutawa, lambarsu takan gaza ta RON da huɗu ko biyar. Motar da ta fito daga Amurka da rubutun 87, super mai lamba 91 da aka saba sayarwa a gidajen man Nijar ya dace da ita. Wadda aka rubuta mata 91 a can, a nan 95 ko sama take nema. Motocin Turai da suka biyo ta Kwatano da yawansu don 95 aka yi su.

Irin waɗannan motoci ba su tsayawa don an zuba musu 91. Na zamani suna da na'urar da ke sauraren ƙarar nan, da ta ji ta sai kwamfutar injin ta jinkirta tartsatsin buji. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ɗan ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Tsohuwar mota mai kabureta ba ta da wannan kariya. Zafi kuma yana ƙara tsananta lamarin, domin iska mai zafi ta fi saurin kai haɗin ga fashewa; motar da ke tafiya lafiya lokacin ɗari tana iya fara ƙara a watan Afirilu kan hanyar Maradi zuwa Damagaram.

A ƙasar da gidan mai yake da famfo ɗaya na fetur, zaɓin na gaskiya tsakanin man da aka san lambarsa ne da wanda ba a sani ba. Man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ana auna shi kafin ya fita. Na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin titi babu lamba a jikinsa. Yana iya zama mai kyau, yana iya kuma zama an surka shi da kananzir, wanda oktan ɗinsa ƙasa yake ƙwarai. Direban da ya ji tsakuwa cikin gwangwani jim kaɗan bayan ya sha kwalba biyu, ya kamata ya sassauta totur, ya sauko giya a hawa, ya ƙara man famfo a kai da zarar ya iske gidan mai.