Ɗana zai yi shigar wani a makaranta: ya halatta?

'Yan'uwanmu mazauna Bronx a birnin New York sun aiko mana da tambaya, wasu iyaye a nan Kumasi ma sun yi irinta: makaranta ta ce yaro ya zaɓi wani shahararren mutum, ya yi shigarsa, ya ba da tarihinsa. A bar shi ko a hana?

Bari mu fara da yadda abin yake. A firamaren Amurka, galibi daga aji uku zuwa biyar, ana ba yaro makonni ya karanta tarihin mutum ɗaya, ya rubuta, ya haddace jawabi na kamar minti ɗaya. Ranar taro sai ya sa kaya irin na mutumin, ya tsaya cik. Baƙo ya taɓa wani maɓalli na takarda, yaro ya fara: "Ni ne wane, an haife ni shekara kaza." Da yawa ana yi a watan Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, shi ya sa ake yawan ganin Martin Luther King da Rosa Parks. A nan gida kuwa kun sha ganin yara wajen bikin 6 ga Maris sun sa batakari kamar Nkrumah a 1957, ko sun yi shigar Yaa Asantewaa.

Abin da ke tsorata iyaye shi ne sunan da Turawa suka ba wasan, wai gidan mutum-mutumin kakin zuma. To, ba a sassaƙa komai ba, ba a bauta wa kowa ba. Yaro ne mai rai ya tsaya shiru. Cewarsa "ni ne wane" ma ba ƙarya ba ce, don babu wanda aka yaudara. Karanta tarihin mutane kuwa fanni ne namu tun da can, ilimin tarajim. Ibn Sa'ad ya rubuta Ɗabaƙat, Imam Zahabi ya rubuta Siyar A'alamin Nubala, Ahmad Baba na Tumbutu ya tattara tarihin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaj.

Amma akwai iyaka. Na farko, ba a kwaikwayon Annabawa, ko da yaro ne, ko da niyya mai kyau. Malaman Azhar da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka sun haɗu a kan wannan, ita majalisar ta haɗa har da Sahabbai, mu ma abin da muke ba da shawara ke nan. Na biyu, namiji ba ya shigar mace, mace ba ta shigar namiji. Hadisi ya yi hani. Na uku, banda kayan da ke tona tsiraici ko alamar ibadar wani addini. In malamar aji ta ba ɗanka sunan da bai dace ba, je ka da kanka, cikin ladabi, ka nemi a sauya. Kada ka hana shi zuwa makaranta ranar, ya zauna gida yana jin addininsa ne ya ware shi daga abokansa.

Inda matsalar take da gaske shi ne zaɓin. Tambayi ɗanka yau ya lissafa mutum biyar da ya sani; in 'yan ƙwallo da mawaƙa ne duka, laifin ba na makaranta ba ne. Wanda yaro ya yi wata guda yana karanta labarinsa, shi zai so, shi zai yi koyi da shi. Ga mu da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata, alamarsu malfa. Zane, mayafi da malfa sun isa. Ga Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, mai waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya rasu a 1934; rawani da allo sun wadatar. Ga Mansa Musa da hajjinsa na 1324, ga Faɗima al-Fihriyya da ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas a 859. Na Amurka suna da Malcolm X, wanda ya yi hajji a 1964, da ɗan dambe Muhammad Ali. Ko wanda ba Musulmi ba, in ya tsaya wa gaskiya ko ya amfani mutane da iliminsa, ba laifi a koyi tarihinsa.

Kada kuɗi su ƙare wurin tela alhali yaro bai san me mutumin ya yi ba. Ku zauna da shi bayan magariba, ya karanta muku, ku tambaye shi: wace wahala ya sha, me ya bari? Mai neman tarihin ɗaya daga cikin waɗannan ya same mu a makaranta bayan sallar La'asar. Allah Ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.