Harshen damo a gefen tsohuwar tarakta: kalmomin aiki da kariyar rai a gundumomin Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu duba wani fanni na hausar yau da kullum wanda bai cika shiga takardun nazarin harshe ba, wato maganar da ake yi a gefen tarakta lokacin tada ta da lokacin aiki da ita. Hujjarmu ita ce: tsohuwar tarakta takan rasa, ɗaya bayan ɗaya, abubuwan kariya da maƙeranta suka sa mata, har ya kasance babban abin da ya rage tsakanin mutum da haɗari shi ne kalmar da wani zai faɗa masa. Idan kalmar nan tana da harshen damo, wato tana ɗauke da ma'ana biyu, to kariyar ta yi rauni. Za mu fara da bayanin na'urar da haɗarurrukanta, sannan mu koma ga kalmomin, mu kammala da wasu shawarwari.

2. Tarakta a ƙasar jigawa

Tasawa tana kan babbar hanya mai lamba 1, kusan kilomita 120 gabas da Maraɗi, kuma kudancin gundumar, wajen Korgom da Hawandawaki, yana dab da iyakar Najeriya. Mayahi kuwa Gulbin Kaba ne ya ratsa ta. Yawancin gonakin gundumomin biyu jigawa ce, inda ake noma hatsi da dawa da wake da gujiya da aya, kuma mafi yawan aikin da hauya da garmar shanu ake yin sa. Saboda haka tarakta, wadda wasu ke kira tantan, ba ta kowa ba ce: haya ake yi. Takan yi huɗa a farkon damina, ta juya injin sussuka da kaka, da rani kuma ta ja tirela da taki ko yashi ko kara. Ke nan direba guda yana aiki kullum cikin mutanen da ba su saba da na'urar ba, har da mata da yara.

Baya ga sababbin taraktocin da hukuma ta sayar ta hanyar CAIMA, akwai tsofaffi da suka bi hannuwa da yawa kafin su iso. Massey Ferguson 135, alal misali, an ƙera ta daga 1964 zuwa 1975, kuma har yanzu irinta na aiki a gonakin Afirka ta yamma. A Najeriya an harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat kuma a Kano, a farkon shekarun 1980. Kayan gyara da makanikai suna kai-da-kawowa tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, kalmomi ma suna biye da su, kamar yadda za mu gani a sashe na 4.

3. Inda haɗarin yake

3.1. Tada inji daga ƙasa. A taraktoci da yawa akwai wani ɗan makunni da ke hana inji tashi muddin ba a fitar da giya ba. Idan mazaunin makulli ya lalace, sai a sauka a tsaya a gefen inji, a haɗa bakunan waya biyu na demarer da ƙarfe. Wannan dabara tana tsallake makunnin kariyar. Wurin da mutum ke tsayawa kuwa yana tsakanin tayar gaba da babbar tayar baya. Wani lahani na biyu yakan haɗu da wannan: tun da birkin ajiya ya daina kamawa, direba yakan bar tarakta cikin giya don kada ta gangara. Ko da tafiyar ba ta wuce kilomita 3 a awa ba, tarakta na cin kusan santimita 80 a daƙiƙa guda, wato tazarar da ke tsakanin mutumin da tayar baya ke nan. Ƙa'idar a nan guda ce: daga kan kujera kawai ake tada tarakta, giya a fice, kuloci a take.

3.2. Turi da ja. Zafin rani yana gajarta ran batir, shi ya sa ake tada tarakta da turi ko a ja ta da sarƙa. Haka kuma idan ta kafe cikin yashi ko cikin laka a fadamar Gulbin Kaba. Idan aka ɗaura sarƙar jan kaya sama da gatarin tayoyin baya, ko aka ɗaure gungume a jikin tayar don ta samu abin kamawa, ƙarfin inji yakan ɗaga gaban tarakta ta kifa ta baya. Cikin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa ta kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta gama kifewa. A sandar ja ta ƙasa kawai ake ɗaura sarƙa, kuma tarakta da ta kafe da baya-da-baya ake fitar da ita. Ƙasar Suwidin ta wajabta garkuwar ƙarfe bisa kan direba a sababbin taraktoci tun 1959, Ingila a 1970, Amurka kuma a 1976 ga taraktocin da ƴan ƙwadago ke tuƙawa. Tsofaffin da suka iso mana sau da yawa ba su da ita.

3.3. Sanda mai juyawa. A bayan tarakta akwai wani guntun ƙarfe mai kaurin milimita 35 wanda ke juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa, kuma da shi ake haɗa sandar da ke juya injin sussuka, wadda makanikai ke kira kardan. Da wannan gudun, ko guntun ƙarfen kaɗai yana naɗe kusan mita guda na yadi a daƙiƙa. Murfin roba da ke rufe sandar yakan fashe a jefar. Tufafinmu kuwa masu faɗi ne: babbar riga, rawani, zane, mayafi. Bel ɗin injin da ba shi da murfi ma haka yake kama tufa da yatsa.

3.4. Sauran wurare. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, don haka ba a kusantarsa da taba ko tartsatsi, kuma wayar da ke haɗe da jikin tarakta ita ake fara cirewa. Ba a buɗe murfin radiyata da zafi. Man da ke ɗaga garma yana cikin matsi mai ƙarfin da zai iya huda fata, saboda haka ba a laluben yoyonsa da hannu, ba a kuma shiga ƙarƙashin garmar da aka ɗaga. Birkin tarakta biyu ne, na dama da na hagu, kuma wajibi ne a haɗe su kafin a hau hanya. Kujera guda ce: wanda ya zauna bisa murfin taya, idan ya faɗo, gaban tayar ko tirela yake faɗawa.

4. Kalmomin aro: rijiya biyu

Sunayen sassan tarakta kusan duka na aro ne, kuma a wannan yanki rijiya biyu ake ɗiba. Wanda ya koyi aiki a garejin Maraɗi ko Damagaram yana amfani da waɗanda suka fito daga faransanci, wanda ya koya a Katsina ko Kano yana amfani da na ingilishi:

(1) firen / birki
(2) ambirayaj / kuloci
(3) bitas / giya
(4) bolan / sitiyari
(5) gazuwal / gas
(6) puwamor / firi

Furucin yakan bambanta daga baki zuwa baki, amma tsarin guda ne: tun da gaɓar hausa ba ta farawa da baƙi biyu, sai a saƙala wasali a tsakaninsu, kamar a firen da birki da kuloci. Sakamakon da ya shafe mu shi ne kalmomi biyu daga rijiyoyi daban sun zo sun yi kama: firen a (1) da firi a (6). A bakin mai karin harshen yamma, wanda ke furta h a gurbin f kafin wasalin i, kamar ta ƙara ƙarfi. Umurnin "sa firen" yana nufin a tsai da tarakta, "sa firi" kuwa yana nufin a saki tayoyi daga riƙon inji. A kan gangare, wanda ya ji na biyu a maimakon na farko ya saki tarakta ke nan. A (5) ma akwai ruɗu, domin abin da ɗan Katsina ke kira gas man inji ne, a kunnen ɗan Tasawa kuwa iskar girki ce.

5. Aikatau masu harshen damo

Matsalar ta fi tsanani a kalmomin da ba na aro ba, domin kowa yana zaton ya fahimce su.

(7) Ta tsaya.
(8) Ta mutu.
(9) Na kashe ta.

Jimla ta (7) ba ta faɗi abin da ya tsaya ba: tayoyi ne, ko inji, ko kardan? Tarakta a wurin sussuka tsaye take alhali sandarta tana juyawa. Bambancin (8) da (9) na mai aikatawa ne, amma a aikace bambancin rai da mutuwa ne. Tarakta da ta mutu da kanta tana nan cikin giya, hanyar mai a buɗe, kuma injin gazuwal ba ya bukatar tartsatsin wuta: idan aka tura ta ko ta gangara, tana iya tashi. Ko (9) ma ba ta isa ba, domin a tsofaffin taraktoci murɗa makulli ba ya kashe inji, sai an ja igiyar da ke toshe mai.

(10) Ja baya!
(11) Tashi!

Siffar umurni a hausa ba ta ɗauke da lamirin suna, don haka ba ta nuna wanda ake yi wa magana. Mu ɗauka yaron mota yana tsakanin tarakta da tirela yana ƙoƙarin sa ƙusa. Wani ya hango haɗari ya yi ihun (10), yana nufin yaron ya matsa. Direba ya ji, shi kuma a wurinsa "ja baya" umurni ne na sa giyar baya. Haka (11): ga wanda ke kwance ƙarƙashin tarakta tana nufin ya fito, ga direba kuwa tana kusa da "tashe ta".

(12) Kar ka tada!
(13) Ka tada!

A nan korewar duka tana kan gaɓa guda a farkon jimla, kuma abin da ya rage idan aka cire ta cikakkiyar jimla ce mai ma'anar akasi. Ƙarar tsohuwar tarakta a kunnen direba takan wuce desibel 90, kuma farkon magana shi ne ya fi ɓacewa, domin mai sauraro bai riga ya juyo ba. Faransanci na rubutu yana kewaye aikatau da alamomin korewa biyu, hausa ma tana da "ba ... ba" a wasu lokutan, amma a hani alama guda gare ta.

6. Shawarwari

Na farko, a gefen inji a bar hani a koma ga umurni kai tsaye, da kalmomin da sautinsu ya bambanta sarai: "dakata" a maimakon (12), "fito" ko "kauce" ga mutumin ƙasa a maimakon (10) da (11), a bar "baya" da "gaba" ga direba shi kaɗai. Na biyu, a riƙa fara umurni da kiran wanda ake nufi: "Direba, dakata!" Ta haka, idan ƙara ta cinye farkon magana, kiran ta cinye, umurnin ya tsira. Na uku, a kafa kira da amsa kafin tada inji: direba ya ce "zan tada", kada ya taɓa makulli sai wanda ya zaga tarakta ya amsa "ba kowa". Na huɗu, ga (7) zuwa (9) a koya wa masu koyon aiki jeri guda da za su faɗa a bayyane kafin su sauka: garma a ƙasa, giya a fice, mai a toshe, makulli a aljihu, dutse a taya. Mutum guda ne zai riƙa yi wa direba ishara da hannu, yana tsaye inda direba ke ganinsa.

Akwai kuma batun rubutu. Ƙa'idar ISO 11684 ta 1995 ta tsara alamomin gargaɗi na injinan noma a matakai uku, waɗanda faransanci ke kira danger, avertissement da attention. Muna ba da shawarar "haɗarin mutuwa", "gargaɗi" da "hattara", a rubuce da boko da ajami, tare da zane, domin a ƙauyukan Kanembakashe ko Urafan mai karatun allo ba ƙaramin kaso ba ne na masu aikin gona. Yarjejeniya mai lamba 184 ta Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta 2001, ta nemi masu ƙera injinan noma da masu shigo da su su ba da gargaɗi cikin harshen hukuma na ƙasar da ake amfani da su. A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta sa hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan babu sauran dalilin barin gargaɗin cikin harshen da yaron mota ba ya karantawa.

7. Kammalawa

Ba mu ce kalma tana maye gurbin ƙarfe ba. Gyara makunnin kariya, mayar da murfin kardan, da ɗora garkuwar kifewa tare da ɗamarar kujera su ne maganin asali, kuma aikin makanikai ne da masu taraktoci da ma'aikatan gona. Abin da muka nuna shi ne akwai rabon da ya faɗo wa masu nazarin harshe. Ɗaliban da ke neman batun kundi suna iya tattara kalmomin garejin Tasawa da Mayahi, su naɗi umurnin da ake bayarwa a wurin sussuka, su auna waɗanda ke ɓacewa cikin ƙara, sannan a gwada kalmomin da muka kawo a sashe na 6 tare da direbobin kansu, domin kalmar da direba bai karɓa ba ba za ta shiga gona ba.