Ko Kun Sani? Hoton Baya Kaɗai Ba Ya Tabbatar da Ciwo

Ana iya ɗaukar hoton MRI na bayan mutum a ga ramin da jijiyoyin laka ke bi ta cikinsa ya matse a ƙugu, alhali mai bayan lafiyarsa ƙalau. A 1990 likitoci a Amurka sun ɗauki hoton mutum 67 da ba su taɓa kukan ciwon baya ba. Cikin waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, kusan ɗaya cikin biyar na da wannan matsewar. Shekaru ke kawo ta, domin ƙashi da jijiyar da ke riƙe gaɓoɓin baya suna ƙara kauri.

Shi ya sa ƙwararren likita yake fara sauraron majiyyaci kafin ya duba hoto. Misali, dattijon da matsewar ke damunsa a Kafinsoli zai tuƙa keke har Kankiya bai ji komai ba, amma tafiyar ƙasa zuwa masallaci sai ƙafafunsa biyu su yi nauyi, su yi sanyi, har ya nemi wurin zama. Da ya zauna ko ya yi ruku'u, sai ciwon ya lafa. Wannan bayani yana da nauyi ƙwarai wajen gane cutar. Sunkuyawa tana buɗe ramin, miƙewa tsaye tana ƙara matse shi, shi kuwa hoton MRI galibi a kwance ake ɗaukarsa.